Gawar Tate Ta Samu Izinin Fita

Mahaifina, Fishel Grynblat, ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin watan Agusta na shekarar annoba, lokacin da aka sake kulle Melbourne. Shekararsa casa'in da huɗu. Ba cutar ce ta ɗauke shi ba, zuciyarsa ce ta gaji. Rabona da shi kwana tara ke nan, shi ma ta taga ne. Ina tsaye a kan ciyawar gidan kula da tsofaffi, ruwan sama na gangaro mini ta wuya, shi kuma yana ciki a kujera mai taya, wata ma'aikaciya ta kara masa waya a kunne. Rabin maganata bai ji ba. Ya daɗe yana kallona ta gilashi, sannan ya ce kwat ɗin da ke jikina bai zauna a kafaɗa ba, duk wanda ya ɗinka shi a ƙwace masa almakashi. Shekara arba'in ya yi yana ɗinki a Flinders Lane, har ya mutu bai yafe wa mugun tela ba.

Ni ce Dvora, 'yarsa ta fari. Mijina ya rasu shekara shida kafin nan, 'yata guda tana Sydney, kuma a lokacin ko iyakar jiha ba a tsallakawa. An hana mu wuce kilomita biyar daga ƙofar gida, fita yawo kuma awa ɗaya a yini. Haka labarin mutuwar Tate, yadda muke kiran uba a gidanmu, ya same ni ni kaɗai a kicin, da wuƙar yanka albasa a hannu.

Kafin tsakar rana na kira Mista Lederman na ƙungiyarmu mai wanke mamata da binne su. Shi ya binne Mame, mahaifiyata Genia, a maƙabartar Springvale shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi kuma ya binne mijina. Na ce masa gobe da safe ya yi, kusa da Mame, wurin yana nan a ajiye, har rabin dutsen kabarin an bar shi babu rubutu. Na soma jero masa sunayen mutum goman da doka ta yarda su halarta.

Ya bari na gama, sannan ya yi gyaran murya.

"Dvora, akwai takarda a wurinmu."

"Wace takarda?"

"Mahaifinki ya zo ofis da ƙafarsa shekara takwas da suka wuce, bayan ya dawo daga wurin ƙanenki. A gabana ya sa hannu. Ya ce idan ranar ta zo a kai shi Isra'ila. Ya kama wuri a maƙabartar ƙauyen da Aryeh yake."

"Kuma babu wanda ya ga ya dace a gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce idan kika ji, ba zai ƙara cin abinci cikin kwanciyar hankali ba. Amma ki sani, ba za a ɗaga shi daga ƙasar nan ba sai kin sa hannu. Ke ce mai iko a nan."

Aryeh ƙanena ne, shekara uku ke tsakaninmu. Leon aka raɗa masa. Yana ɗan shekara ashirin ya haɗa jaka guda ya tafi Isra'ila, ya koma Aryeh, ya kuma yar da Grynblat ya ɗauki Alon, wai sunan ubanmu sunan zaman gudun hijira ne. Ya yi soja, ya auri wata mata da iyayenta suka fito daga Maroko, ya kafa lambun tuffa a wani ƙauyen noma can arewa a Galil. A shekara arba'in sau biyar ya taka Melbourne. Jana'izar Mame ma washegari ya iso.

Awa bakwai muka fi su gaba. Na jira har ƙarfe biyu na rana, bakwai na safe a wurinsa, sannan na kira. Ina jin ƙarar injin ban-ruwa a bayansa. Na gaya masa. Injin ya mutu. Na ji ya faɗi albarkar da ake faɗa idan an ji mutuwa, da irin Ibranancinsu mai sauri, ba irin na Tate mai jan baki ba. Sannan ya ce:

"Lederman ya yi miki magana?"

"Ashe ka sani."

"Ni na kai shi ya ga wurin. Yana kallon kwari, akwai itacen zaitun a gefe."

"Mame na kwance a Springvale shekara goma sha ɗaya da rabin dutse babu rubutu, kai kana yi mini zancen itacen zaitun."

"Shi ya zaɓa, Dvoirele. Ba ni na sa shi ba."

"Kar ka ce mini Dvoirele. Sati uku ya yi a wurinka, ya dawo ya yi wata guda yana zagin zafinku da kofinku da yadda kuke ture tsofaffi a layin bas. Sai ka ce mini haka kawai ya ga wuri ya so?"

"Bayahude ya so ya kwanta a ƙasarsa, mene ne abin mamaki? A wurinku ne kawai wannan ke zama labari. Ku dai a bar ku da kek ɗin Acland Street da liyafa sau ɗaya a shekara, ku tafa wa baƙo daga Urushalima, ku koma gida ku rubuto mana yadda za mu zauna da maƙwabtanmu."

"Kai ka tafi ceton al'umma, Leon, ni aka bari da wankin zanin gado. Ka san sau nawa na ɗaga shi daga ƙasan banɗaki? Faɗa mini sunan maganinsa ko guda ɗaya."

"Lokacin da rokoki ke sauka, 'yata Noga na ramin ɓuya tana 'yar shekara tara, sau biyu kika kira. Wata guda cur. Na ƙirga."

"To ci gaba da ƙirga. Ba zan sa hannu ba."

Na kashe wayar. Albasar tana nan a kan katako, ta soma bushewa.

A wurinmu mamaci ba ya kwana biyu a sama in ba dole ba. Kuma kafin a binne shi, ɗansa ba ya cikin makoki, ba ya kuma cikin mutane. Rabbi, malamin addininmu, ya yi mini wannan bayani ta waya washegari, da murya mai taushi, kamar ban sani ba. Ba zan ci nama ba, ba zan sha ruwan inabi ba, ko addu'ar safe an ɗauke mini. Zaman makoki na kwana bakwai kuwa ba zai fara ba sai an binne shi, ko kuma, idan za a fita da shi, sai ya bar hannuna ya kama hanya. Na tambaye shi wanne ne daidai, Springvale ko Galil. Ya ce cika wasiyyar mamaci wajibi ne, kwanciya kusa da matar aure ma abu ne babba, zaman lafiya tsakanin 'yan uwa kuma ya fi duka. Na ce na gode, ya taimaka ƙwarai.

Ginin ƙungiyar, inda ɗakin sanyin yake, kilomita uku ne daga gidana. Yana cikin biyar ɗin da aka ba ni. Ranar Laraba na ɗauki awata guda na tafi can da ƙafa, na tsaya a tsallaken titi da takunkumi a fuska. Ba a shiga. Taragu ya wuce babu kowa a ciki sai direba. Can sai ga wani dattijo ya fito ta ƙaramar ƙofa da littafin Zabura a hammata, wani kuma ya shiga, suka gaisa da kai daga nesa. Na gane wanda ya shiga, mai sayar da tabarau ne a Glen Huntly Road. Ba a barin mamaci shi kaɗai, don haka suke karɓa-karɓa, awa huɗu-huɗu, mutum ɗaya a lokaci guda saboda doka. Muddin ban sa hannu ba, haka za su ci gaba. Babu wanda ya faɗa mini haka, ba kuwa sai an faɗa ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a ranar da na ce ba zan sa hannu ba, a ranar na cika takardar neman izinin fita daga ƙasar. A lokacin ɗan Ostareliya ba ya hawa jirgi sai hukuma ta yarda. Na rubuta dalili, na haɗa da shaidar mutuwa, na aika. Ban san me nake nufi da hakan ba. Matar da ta saba saya mana tikiti ta ce ko izinin ya fito, can ma ba sa barin baƙo ya shiga sai da wani izinin, dawowa kuma sai dai na ƙaddara wata shida, don kujerun shigowa ƙididdigaggu ne. Shi kuwa Tate, in ji Mista Lederman, ba ya bukatar kujera. Akwai jirgin kaya ranar Lahadi da ke da wuri. Sai dai takardu su kammala kafin tsakar ranar Juma'a.

Aryeh ya kira sau huɗu ranar Laraba, ban ɗauka ba. Sai ya aiko da saƙo: "Na riga na gaya wa masu haƙa. Ki gaya mini ko na ce su dakata." Na karanta na kife wayar.

Ranar Alhamis Pani Hela Wajntraub ta aiko a kira ni. Pani laƙabin girmama mace ne a Poland. Shekararta casa'in da ɗaya, 'yar garin su Tate ce a Poland, jirgin ruwa ɗaya ya kawo su a 1949, kuma shekara hamsin suna buga kati tare duk yammacin Lahadi suna zargin juna da maguɗi. Titi biyu ke tsakanin gidana da nata. Na tsaya a baranda, ita tana ciki bayan ƙofar raga, a kujera, da bargo a gwiwa.

"Matso, ba na jin ki. A'a, kar ki matso da yawa, jikata za ta kashe ni. Kin rame. Wai kin ajiye Fishel a firji kamar kifi."

"Pani Hela, Leon ne ya juya masa kai."

"Leon? Leon ko tunkiya ba zai iya juyawa ba. Ubanki kuma tun da nake ban ga wanda ya sa shi abin da bai yi niyya ba. Jamusawa ma sun gwada."

"To me ya kai shi? Ƙasar ma ba son ta yake ba."

"Ba ya son ta mana. Ya ce rana ta yi yawa, kowa na ihu, kuma babu mai iya guga. Amma duk ranar da aka yi yaƙi, rediyo a kunnensa yake kwana, kin fi ni sani." Ta gyara bargon. "Da ya dawo daga can, muna tsakar kati ya ce da ni, 'Hela, na ga maƙabartarsu. Kowane yaro a ƙauyen yana da kakan da zai ɗora wa tsakuwa a kabari, ban da jikokina. Kamar daga sama suka faɗo.' Na ce to sai me, jefa katinka. Ya ce, 'Genia tana nan, Dvora na zuwa wurinta. Ni in na je can, yaron ya samu nasa. Kuma ita dole ta je gani na, shi dole ya zo ganin uwarsa. In ba haka ba, ranar da na mutu sun gama da juna.'"

Na tsaya ina kallon ragar ƙofar. Wani wuri a ƙasa ya yage, an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere. Ba sai na tambayi wanda ya yi ba.

"Wato raba mana iyaye ya yi, kamar kayan gado. Ɗaya nawa, ɗaya nasa."

"Haka ya ce. Ban ce yana da gaskiya ba. Na ce masa Genia za ta ci mutuncinsa in sun haɗu. Ya ce ta saba jiran sa, kullum a makare yake dawowa daga shago."

"Kuma ta yaya zan san ba ke kika ƙirƙiro wannan ba yanzu?"

"Ba za ki sani ba. Ni dai na tsufa da ƙarya mai tsawo haka. Ki tafi, awarki ta kusa cika, kar 'yan sanda su kama ki a ƙofata su ce ni na tara jama'a."

Ban fito daga wurinta da sanyin zuciya ba. Haushi ne ma ya ƙaru. Mutumin da na yi shekara goma sha ɗaya ina kai wa miyar kaza duk Juma'a ya zauna ya tsara yadda zai ja ni da gawarsa, bai ko tambaye ni ba. Kuma tsarin nasa bai san za a rufe sama ba. Amma da na kwatanta shi kwance a ɗakin can kwana na uku, da mai tabarau zaune a gefe yana karatu cikin sanyi, na san ba zan iya kai shi Springvale ba. In na yi haka, duk ranar da na je wurin Mame zan tarar da shi a gefe yana jira na da magana.

Ranar Juma'a da safe Mista Lederman ya turo takardun ta ƙarƙashin ƙofa, na sa hannu a wuri shida, na mayar ta ƙarƙashin ƙofa. Na aika wa Aryeh kalma biyu: "Su haƙa." Ya amsa da, "Na gode."

Ranar Lahadi da ƙarfe goma motar ƙungiyar ta biyo ta titinmu kan hanyarta ta zuwa filin jirgi. Ba hanyarta ba ce, Mista Lederman ne ya sa aka ratso. Farar mota ce marar rubutu, irin ta masu gyaran famfo. Ya fito da takunkumi da safar hannu, ya buɗe ƙofar baya. Akwatin katako ne a cikin wani akwatin, an naɗe da leda, an manna takardu da lambobi ta kowane gefe, har da kibiya mai nuna sama. Na nemi sunan Tate na samu a ƙasan wata lamba mai tsawo.

Mista Lederman ya ajiye reza a kan gindin shingen gidana ya ja da baya. Na ɗauka na tsaga wuyan rigata ta hagu, wajen zuciya, yadda 'ya'yan mamaci ke yi a wurinmu, na ja da hannu har ta yage. Na faɗi albarkar. Muryata ta fito kamar ta wani.

Da na ɗago sai na ga maƙwabta sun fito. Kowa a bakin ƙofarsa, babu wanda ya tako titi. Iyalan Rubinstein da 'ya'yansu biyar a jere, matasan nan biyu 'yan Afirka ta Kudu da ba sa ko zuwa majami'armu ta Yahudawa, har da Bagirken da ke kusurwa, ya cire hularsa. Motar ta tashi a hankali, na bi ta a baya da ƙafa kamar yadda ake raka mamaci. Na wuce gida shida. A mahaɗar titi fitila ta ba da hannu, direban ya ɗan jira, sannan ya karya hagu ya ƙara wuta. Filin jirgin kilomita talatin ne daga nan. Na juyo.

A bakin ƙofa na tarar da dafaffen ƙwai da burodi a cikin leda, ban san wanda ya ajiye ba. Na rufe madubai, na cire takalmi, na zauna a kan matashin kujera a ƙasa. Zamana na kwana bakwai ya fara. Na Aryeh kuwa ba zai fara ba sai an binne. Ko makokin ubanmu ba mu haɗa kwanaki ba.

Lokacin makokin Mame gidan nan bai ɗauki mutane ba, har a matakala ake zama, ana ta shigo da tire-tiren abinci, tsofaffi na gardama a kan wanda ya fara buɗe shago a Carlisle Street. Wannan karon daga ni sai kyandir. Mutane suna kira, suna faɗin abin da ake faɗa, suna ajiyewa. 'Yata tana kira safe da yamma tana kuka, har na koma ni ke lallashin ta. Maza goma ba za su taru ba, don haka ba a yi addu'ar mamaci a gidan ko sau ɗaya ba. Tate kuma ya kwana biyu a wani filin jirgi a tsakiyar hanya, jirgin da zai ɗauke shi ya fasa tashi. Ina zaune a ƙasa ina duba lambarsa a waya kamar mai jiran saƙon kaya.

Ranar Laraba aka binne shi, kwana takwas bayan rasuwarsa. Ƙarfe goma na safe a can, biyar na yamma a nan. Noga, 'yar Aryeh, ita ta riƙe wayar. Na jingina tawa da tulun sukari a kan ƙaramin tebur. A nan gari ya soma duhu ana yayyafi, a can kuwa haske har yana kashe ido. Na ga jar ƙasa, na ga itacen zaitun ɗin, ƙarami ne, bai kai yadda Aryeh ya faɗa ba.

"Gwaggo Dvora, kina gani? In matsa?"

"Ina gani. Su wane ne waɗannan?"

"Mutanen ƙauye ne. Abba ya bi gida-gida jiya."

Mutum ashirin ne, iyakar abin da aka yarda. Ban da Aryeh da iyalinsa babu wanda ya san Tate, in ban da gaisuwar sati uku shekara takwas da suka wuce. Noga tana nuna mini su a hankali: wannan ɗan Yaman ne mai kiwon kaji, wancan daga Rasha ya zo, mai gyaran tarakta, dogon can ɗan Habasha ne, malamin makaranta. Sun zo da kayan aiki a jikinsu. A can ba a binnewa da akwati. Suka fito da shi cikin farin likkafani a kan makara, sai na ga ƙanƙantarsa. Mutum shida suka ɗauka, da huɗu ma sun isa.

Aryeh ya tsaya a bakin ramin. Ya yi furfura fiye da yadda nake zato, ya kuma yi irin tsayuwar Tate, kafaɗa ɗaya sama. Ya buɗe baki zai fara addu'ar, ya yi layi ɗaya da irin lafazinsu, ya tsaya. Ya sake farawa, wannan karon da lafazin Tate, irin na tsofaffin Poland da ya yi shekara arba'in yana yi wa dariya. Mutanen suka ɗan dubi juna, sannan suka amsa amin, kowa da nasa bakin. Ni ma na amsa, a ɗaki ni kaɗai.

Suna fara zuba ƙasa hoton ya tsaya. Fuskar mai kiwon kajin ta daskare da shebur a sama. Na girgiza wayar, na kashe na kunna. Da ta dawo an riga an cike ramin, mutane suna ajiye tsakuwa suna wucewa.

"Gwaggo, in sa miki ɗaya?"

"Sa mini."

Ta sunkuya, na ga yatsunta da ƙasa, na ji numfashinta. Sannan Aryeh ya karɓi wayar. Muka kalli juna. Rigarsa a yage, tawa ma haka.

"Ya iso lafiya," in ji shi.

"Na gani."

"Kin ci abinci?"

"Ƙwai. Kwana huɗu ƙwai."

"Mu ma shi ke jiran mu a gida."

Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce ba. Amma a sauran kwanakin yakan kira da ƙarfe biyu, ya ajiye wayar a kan tabarma kusa da shi, na riƙa jin masu gaisuwa suna shiga suna fita, ana gardama da Ibrananci a kan farashin ruwa da gwamnati. Ba na gane rabi. Na tashi daga zamana ranar Asabar, shi yana da sauran kwana uku, amma ban daina ɗauka ba.

Izinin fitata ya zo bayan sati biyu. Na buga shi a takarda na ajiye a kan firji. Babu kujerar dawowa sai watan Fabrairu, ita ma ba tabbas, kuma ba zan iya barin 'yata da tsohon ciki a wannan gefen duniya ban san ranar komowa ba. Ban tafi ba. Springvale ma ban je ba, ta fi kilomita biyar. Ban samu na gaya wa Mame da bakina ba.

A wurinsu kwana talatin ake kafa dutse, mu sai shekara. Muka yi gardama a kan wannan ma, ya ci. Wata rana cikin Satumba ya kira ina shirin fita yawon awata, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Mai sassaƙa yana jira. Na rubuta Efrayim ɗan Menahem, da ranaku. Ya isa?"

"Wane ne Efrayim? Babu wanda ya taɓa kiran sa haka sai a majami'a. Ka sa Fishel. Ka sa Grynblat, da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa zai gani."

"Zan sa. Ba sai kin yi faɗa ba."

"Da sunayen kuma."

"Waɗanne sunaye?"

"Na mutanensa, Leon. Waɗanda Jamusawa suka kashe lokacin yaƙi, ba su da kabari. Duk wanda ya tsira, a dutsensa ake rubuta su. Ka zaga Springvale ka gani."

Na ji zakara na cara a bayansa.

"Na san Mendel, wato Menahem, da Ruchla, iyayensa. Na san akwai 'yan uwa mata biyu."

"Uku."

"Bai taɓa gaya mini ba."

"Bai soma magana ba sai da ya haura saba'in. Ka riga ka tafi." Na faɗe shi ba da niyyar suka ba, ban san yadda ya ji shi ba. "Kana da abin rubutu?"

"Dakata." Na ji yana buɗe aljihun tebur, yana yi wa wani magana, wani abu ya faɗi. "To, ina ji."

Na zauna a kan matakala na cire takalmin.

"Chaja, ita ce babba, ta yi aure, tana da jariri, Tate bai tuna sunansa ba. Sai Estera. Sai Mindla."

"Mindla. Da wane harafi?"

Na faɗa masa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekararta nawa?"

"Goma sha ɗaya. Ita ke kai masa abinci wurin koyon ɗinki. Akwai kuma Szlamek, autansu, shekara shida."

"A hankali, Dvora, hannuna ba ya sauri. Jaririn fa, me za mu rubuta?"

"Ka rubuta, da ɗanta."

"Dutsen ba zai ɗauka ba. Sai an ƙara masa faɗi."

"To a ƙara."

"Za a ƙara. Sake faɗa mini daga farko, in duba ko na yi daidai."